MU SAN MALAMAN KWALEJINMU: DAGA TAWA ZUWA BARMU

A kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, gero ya nuna, aka soma ɗaurin damma, makarantun ƙasarmu sukan buɗe ƙofofinsu. A wannan lokaci ne motocin kasuwa masu tashi daga tashar Tawa su nufi arewa maso gabas, wajen Barmu da garuruwan da ke kewaye da ita, sukan ɗauki wani baƙo wanda kayansa ba su wuce akwati da katifa da jakar littattafai ba. Wannan baƙo shi ne malamin kwaleji, wanda yara ke kira mushe, ko madam idan mace ce. Uwaye da yawa suna miƙa masa ƴaƴansu har shekara 4, amma ba su san sunansa na yanka ba, balle garin da aka haife shi. Kuma fa a hannunsa ne za a gane ko yaro zai ci gaba da karatu ko zai ajiye kaye ya bi yayyensa ci rani. Saboda haka ya dace mu tsaya mu san ko wane ne shi.

Mene ne aikinsa?

Yaro yakan yi shekara 6 a firamare, inda malami guda ke riƙe da aji tun safe har a tashi. Idan ya wuce kwaleji, wato CEG, sai ya tarar da wata duniya. A nan zai yi aji 4, daga aji na 6 a sauko zuwa na 3 bisa ƙidayar Faransanci, a ƙarshe ya zauna jarrabawar birebe, wadda ake rubutawa BEPC. Wanda ya samu, ga lise ta shekara 3 a gabansa, ga kuma makarantun koyon sana'a.

A kwaleji kowane darasi da mai shi. Akwai malamin Faransanci, da na lissafi, da na Ingilishi, da na tarihi da labarin ƙasa, da na kimiyyar halittu da ƙasa, da na fizik da shimi, da na motsa jiki. An saba horar da malamin kwaleji a kan fanni biyu, misali Faransanci tare da tarihi, ko lissafi tare da fizik, domin ƙaramar makaranta ta samu biyan bukata da malamai kaɗan. Wannan dabara tana da amfani, tana kuma da haɗari: ranar da malami guda ya bar kwalejin karkara, darussa biyu ne suka tsaya cik a azuzuwa da dama.

Abin da jama'a ke gani shi ne tsayuwarsa gaban allo da alli a hannu. Sauran aikin a gida ake yin sa, da dare: shirya darasin gobe, gyaran takardun yara ɗaya bayan ɗaya da jan bik, lissafin maki na kowane zangon karatu. Malamin da ke da aji 4 masu yara 60 kowanne, idan ya ba da gwaji guda, takarda 240 ke jiran sa, kuma a garin da babu wutar lantarki da fitila zai duba su.

Daga ina suke fitowa?

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 4 cikin 100 ba. Ƴan ƙasa masu ilimin da za su koyar a sakandare ƙalilan ne ƙwarai. Saboda haka Faransawa ƴan taimakon aiki suka riƙe azuzuwa da yawa, tare da mutanen Dahome da Togo. A ƙarshen 1963, sa'ad da rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete, aka sallami ma'aikata ƴan Dahome, sai gwamnati ta ga zahiri cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ƴan sa-kai na Amurka, waɗanda suka soma zuwa a 1962, sun koyar da Ingilishi a kwalejoji shekaru masu yawa, kafin ƙungiyarsu ta janye daga ƙasar a watan Janairu na 2011.

Gyaran ya soma ne da kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973. A cikinta aka buɗe makarantar koyon malanta, wadda daga baya ta zama Babbar Makarantar Horar da Malamai, ENS. Can ne mai takardar bakaloreya ke samun shaidar koyarwa a kwaleji, DAP/CEG, mai digiri kuma ya nemi CAPES domin koyarwa a lise. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu ita ce ta tsofaffin malaman firamare. Garin Tawa yana da makarantar horar da malaman firamare mai ɗauke da sunan Kawsan. Daga cikin waɗanda suka fito irin waɗannan makarantu akwai masu himma da suka yi shekaru a ƙauyuka, suka ci gasar shiga ENS, suka dawo a matsayin malaman kwaleji. Su ne suka fi sanin halin yaron ƙauye, domin sun ga inda ya taso.

Hanya ta uku ita ce ta ƴan bautar ƙasa, wato waɗanda suka gama jami'a aka tura su hidimar shekara 2, da yawansu a cikin aji. Ta huɗu kuma, wadda ta fi kawo mutane tun farkon shekarun 2000, ita ce ta kwantaragi. Asalinta yana komawa ga faɗuwar farashin uraniyom a shekarun 1980, da tsarin tsuke bakin aljihu da ya biyo baya, da karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Gwamnati ta kasa ɗaukar ma'aikata yadda ake bukata, alhali yara sai ƙaruwa suke. A ƙarshen shekarun 1990 aka soma ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi, daga baya aka mai da su ƴan kwantaragi, ana biyan su ɗan kuɗin wata da ake kira pekil, wanda bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba. Da wannan tsari da shirin ilimi na shekara 10 da aka soma a 2003 aka baza makarantu cikin karkara. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan matasa sun shiga aji ba tare da horon koyarwa ba, kuma jinkirin biyan pekil ya sha haddasa yajin aiki a shekarun 2000 da 2010.

Jihar Tawa ta samu tata jami'ar a 2010. Tana ɗauke da sunan Farfesa Jibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa littafin tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, kuma tana da sashen ilimin koyarwa. Ma'ana, ɗan Barmu ko Kalfu ko Afala yana iya zama malamin sakandare ba tare da ya yi nisa da gida ba.

Zaman baƙo a arewacin Adar

Wanda aka turo daga Yamai ko Doso ko Damagaram, abu na farko da zai nema shi ne masauki. Sau da yawa ɗaki guda ne a gidan wani bawan Allah, ruwa kuma sai an saya ko an je rijiya. Iyalinsa na nesa, ga kuɗin mota duk lokacin da wata bukata ta ofis ta kira shi Tawa. Idan Bazabarme ne, ko ɗan Manga, sai ya koyi Hausar Adar, ya saba da kunnen Buzaye da Fulani waɗanda ƴaƴansu ke zaune a ajinsa.

Yaran kansu baƙi ne. Kwaleji guda tana karɓar ɗalibai daga ƙauyuka masu yawa. Wasu su yi doguwar tafiya a ƙasa kullum, wasu a ba da su riƙo a gidan dangi ko abokin uba. Yaron da ya kwana da yunwa ba ya jin lissafi. Ga kuma al'adar ci rani, wadda Adar ta yi suna a kanta tun kaka da kakanni: da an gama girbi, maza su kama hanyar Abijan ko Nijeriya ko Libiya. Yaro ɗan shekara 14 yana ganin tsaransa ya dawo da waya da sabon babur, shi kuwa yana fama da ƙa'idojin Faransanci. Ƴan mata kuma aure ke ɗauke su, abin da ya sa gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 domin kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16. Ajin farko na kwaleji shi ne inda aka fi zubar da yara, kuma malami ne ke tsaye a bakin wannan rami. Sau nawa mushe ya taka har gidan uban yaro bayan sallar la'asar, ya zauna bisa tabarma yana lallashi a bar masa ɗalibinsa ya kai birebe?

Bayan an tashi daga aji

Kuskure ne a ɗauka malami ba shi da wata rayuwa sai alli. Tarihin ƙasarmu ya nuna abin da ke ɓoye cikin masu wannan sana'a. Bubu Hama, wanda ya fito makarantar William Ponty ta Senegal ya soma koyarwa a 1929, ya bar mana littattafai masu yawa a kan tarihi da al'adun ƙasar nan. Jori Hamani da Jibo Bakari duk malaman makaranta ne kafin su shiga siyasa. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya koyar da fizik a makarantun sakandare na Dakar da Konakiri da Yamai, ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka a 1964, ya duƙufa ga binciken amfani da hasken rana. Shi ya sa aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa.

A fagen nishaɗi ma haka ne. Yazi Dogo, wanda wasannin kwaikwayonsa na Hausa suka sa ƙasar nan dariya shekara da shekaru, malamin makaranta ne. Haka Malam Maman Barka, ɗan Taskar: yana koyarwa yana kaɗa gurmi, har a 2002 ya tafi bakin tabkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya 5, a hannun Bukar Tar, ya fitar da shi duniya kafin ya rasu a 2018.

Irin wannan baiwa tana nan cikin ƙananan kwalejoji. Wani malamin motsa jiki ne mai son kokowa, wasan da aka buɗe gasarsa ta ƙasa a nan Tawa a 1975, shekarar da Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Shi ke share fili ya haɗa yara. Wani yana aron gona ya shuka gero da wake, ko ya ɗaure rago yana kiwo har layya. Wani yana bin tsofaffi yana rubuta labarin Agabba da sarautar Adar, wanda lise ta Tawa ke ɗauke da sunansa. Wata malama tana koya wa ƴan mata ɗinki da tsabtace abinci. Da yawa kuma sukan taru a fada da dare, ana dafa shayi ana sauraron rediyo, ana gardamar ƙwallo. Ɗalibi yakan manta ƙa'idar da aka rubuta a allo, amma ba ya manta malamin da ya fara sa shi hawa dandalin wasan kwaikwayo.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Malamin da gari bai san shi ba, da zarar hutun damina ya zo sai ya rubuta takardar neman canjin wuri, a wayi gari an koma neman wani. Wanda aka karɓa hannu biyu kuwa yakan daɗe, wani har ya yi aure a garin. Jihar Tawa tana da abin tinƙaho a nan: a cikinta ne aka soma, a 2004, tare da taimakon Japan, gwajin kwamitocin kula da makarantu da jama'a ke zaɓa da kansu, kafin a baza tsarin a faɗin ƙasa. Wannan kwamiti da ƙungiyar uwayen yara su ne ya kamata su fara tarbar sabon malami, su nema masa masauki, su kai shi ya gai da maigari da liman.

Ga ma'aikatan hukuma: biyan haƙƙi a kan lokaci, da ba ɗan kwantaragi horo da hanyar zama cikakken ma'aikaci, da zagayawar masu duba aiki har ƙauyukan nesa, su ne ke riƙe malami a bakin aikinsa. Ga malaman kuma, amana ce: zuwa a kan lokaci da tsare mutuncin ƴaƴan mutane, musamman ƴan mata.

Ku kuma ƴan uwa da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, kun san ɗacin riƙe takarda ana neman mai karanta maka. Yanzu da kuka iya karatu, ku riƙa buɗe kayen ƴaƴanku, ku duba takardar maki ko da Faransancin ya fi ƙarfinku, domin lambobi ba su da yare. Tun 1994 duniya ta keɓe ranar 5 ga Oktoba domin girmama malamai, kuma ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta. A wannan mako, kowane uba da kowace uwa su taka zuwa kwaleji, su tambayi mushe sunansa da garinsu da inda ya sauka. Allah ya ba mu ikon riƙe waɗanda ke riƙe mana ƴaƴa.