Cigiya a Zamanin Intanet: Abin da Idon Jama'a Yake Iya Ganowa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san yadda ake yi idan yaro ya ɓata. Uwa takan fara leƙa maƙwabta, a aiki yara su duba dandali da gidan kakanni. In magariba ta gabato ba labari, sai magana ta koma hannun maza. A sanar a masallaci bayan an sallame, sannan a nufi gidan mai unguwa, domin can ne wanda ya tsinci yaro yakan kai shi. Idan mai unguwar Kwarbai bai ji komai ba, a aika Ƙaura da Limancin Kona da Unguwar Juma, har maganar ta kai Fada. In aka kwana biyu shiru, a tafi gidan rediyo a biya kuɗin sanarwa. Wannan shi ne cigiya, kuma tana da ƙarfi ta fuska biyu. Filin da ake nema a ciki yana da iyaka, wato ganuwa da ƙofofinta, sannan duk wanda ya ce ya ga yaron an san shi, an san gidansu, in ya faɗi abin da ba haka ba za a koma masa.

Yanzu cigiya ta koma cikin wayar hannu. Kafin a idar da sallar isha'i hoton yaron ya zaga WhatsApp da Facebook, ya kai Kano da Legas da Jidda. Tare da wannan sai aka sami wani sabon rukuni na mutane, masu bin diddigi na sa kai, waɗanda ba 'yan sanda ba ne, ba kuma dangi ba. Su kan zauna su ƙura wa hoto ido, su tono tsofaffin rubuce-rubucen wanda ya ɓata, su haɗa wannan da wancan su fito da hasashe. Yawancinsu niyyarsu mai kyau ce. Amma yana da kyau mu duba ko yawan idanu yana ƙara yiwuwar a ga wanda ake nema, kuma a wane hali.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kuma sanannen mai sukar gwamnati a Twitter. Cikin daren 2 ga Agusta, 2019, wasu mutane suka kama shi yana shiga gidansa a Barnawa, cikin garin Kaduna, suka tafi da shi a cikin motarsa. Hukumar tsaro ta farin kaya ta ce ba ya hannunta. Dubban mutane suka ɗauki cigiyarsa a intanet, ƙungiyar Amnesty International ta sa baki, kuma kowace shekara idan ranar ta zagayo sai a sake tayar da maganar. Har aka cika shekara shida a 2025 ba a san inda yake ba. Abin da jama'a suka iya yi shi ne hana maganar mutuwa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da ake saurin mantuwa. Abin da ba su iya ba shi ne gano inda aka kai shi. Zargi ya yi yawa, kowane ɓangare na siyasa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, amma bayanan da za su warware lamarin, irin su tarihin kiran wayoyi da rajistar wuraren tsare mutane, suna hannun hukuma, ba sa kan Twitter.

Domin a fahimci dalilin haka, sai mu koma ga lissafi kaɗan. Neman abin da ya ɓata fanni ne na ilmi mai zaman kansa, wanda ya samo asali lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wani masanin lissafi, Bernard Koopman, ya tsara wa sojojin ruwan Amurka hanyar neman jiragen ƙarƙashin teku na abokan gaba. Ƙa'idar farko mai sauƙi ce. Idan mutum ya bar wani wuri, filin da zai iya kasancewa a ciki da'ira ce, kuma faɗin da'ira ba ya ƙaruwa daidai da nisan tafiya, yana ninka shi ne. Alal misali, baligi mai tafiyar kilomita 4 a awa, idan ya tashi daga Babban Dodo, bayan awa ɗaya yana cikin filin da ya kai murabba'in kilomita 50. Bayan awa biyu filin ya zama 200, wato ninki huɗu, ya haɗiye Tudun Wada da Sabon Gari. In kuwa mota aka sa shi a Kwangila, mai gudun kilomita 60 a awa, to cikin awa guda filin ya haura murabba'in kilomita 11,000. Shi ya sa sa'o'in farko suka fi duk sauran daraja, kuma shi ya sa al'adar nan ta cewa a bari a kwana tukuna a gani take da hatsari.

A nan ne intanet take da amfani na haƙiƙa, domin saƙo ya fi mota gudu. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda a Kano suka sanar da ceto yara tara da aka sace, waɗanda aka kai Onitsha ta Jihar Anambra aka sayar, aka canja musu suna da addini. Wasu sun yi shekaru a can. Babu mai unguwar da cigiyarsa za ta kai wannan nisa. A 2021 Babbar Kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. A irin wannan hali hoton da ya isa tashar mota kafin motar ta isa yana iya ceton rai. Bisa wannan tunani aka kafa tsarin gaggawa na AMBER a Amurka a 1996, kuma a 2022 kamfanin Meta da Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya suka ƙaddamar da irinsa, inda ake tura hoton yaron da aka sace ga masu Facebook da Instagram da suke yankin da abin ya faru.

Amma yawancin ɓatan yara ba sata ba ne, kuma a nan ilmin nema yana da abin faɗi da ya saɓa wa ɗabi'ar masu waya. Wani mai bincike ɗan Amurka, Robert Koester, ya tattara bayanan dubban aikin nema daga ƙasashe da yawa, ya wallafa su a 2008. Ya nuna cewa kowane rukuni na mutane yana da irin ɓatansa. Ƙananan yara ba su cika yin nisa ba. Sukan shige wani lungu su kwanta barci, kuma sau da yawa ba sa amsawa ko da sun ji ana kiran sunansu, saboda tsoro ko don an hana su amsa wa baƙo. Tsoho mai gigin tsufa kuwa yakan miƙe hanya ɗaya har sai wani abu ya tare shi, kamar rami ko sarƙaƙiya. Idan aka ɗora wannan a kan birnin Zariya, ma'anarsa a fili take. Tsohon birni cike yake da kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda suke cika maƙil da damina. Akwai rijiyoyin da ba murfi, da kangaye, da soraye masu duhu, da motocin da aka ajiye aka manta. Mutum goma da tocila, waɗanda suka raba layuka a tsakaninsu, sun fi mutum dubu goma masu tura hoto amfani ga yaro ɗan shekara uku a daren farko.

Akwai kuma wata ƙa'ida da masu nema suke yawan mantawa, wato wurin da aka duba sau ɗaya bai fita daga lissafi ba. Ƙwararru sukan raba taswira gida-gida, su ba kowane gida kasonsa na yiwuwa. In an duba gida ba a ga komai ba, sai a rage kasonsa gwargwadon ingancin dubawar, a ƙara wa sauran, amma ba a mayar da shi sifiri. Da wannan hanya aka gano jirgin Air France mai lamba 447, wanda ya faɗa Tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni, 2009, da mutum 228. An yi kusan shekara biyu ana nema. Da masana lissafi suka sake auna taswirar, suka sa yiwuwar cewa na'urorin da ya kamata su yi ƙara a ƙarƙashin ruwa sun lalace, sai kaso mafi yawa ya koma kusa da inda aka ji ɗuriyar jirgin a ƙarshe, yankin da aka riga aka wuce ta kansa. Can aka same shi a watan Afrilu na 2011. Rijiyar da aka leƙa da dare da hasken waya, ya kamata a sake leƙa ta da safe.

To yaya batun taron idanu? An gwada shi a manyan gwaje-gwaje. A watan Satumba na 2007 wani attajiri matuƙin jirgi, Steve Fossett, ya ɓata a Jihar Nevada ta Amurka. Aka zuba hotunan tauraron ɗan'adam a intanet, dubun-dubatar 'yan sa kai suka yi ta duba su. Ba su same shi ba, kuma masu neman a ƙasa sun koka da yawan rahotannin da ba su kai ko'ina ba. Sai bayan shekara guda wani mai yawo a duwatsun Kalifoniya ya tsinci takardun shaidarsa. Haka aka yi da jirgin Malesiya MH370 a 2014, miliyoyin mutane suka duba hotunan teku, ba abin da ya fito.

Dalilin ma lissafi ne. Mu ɗauka cigiya ta kai ga mutum 100,000, kuma mutum ɗaya cikin kowane dubu ya ga kamar ya taɓa ganin fuskar. An sami rahoto ɗari ke nan, alhali wataƙila ɗaya ne na gaskiya, ko ma babu. Kowane rahoto yana cin man mota da lokaci da ƙarfin zuciyar iyaye. Kuma ba lalle masu rahoton maƙaryata ne ba. Binciken halayyar ɗan'adam ya daɗe da nuna cewa muna da rauni wajen gane fuskar wanda ba mu sani ba daga hoto, ko da yake mun ƙware wajen gane ta ɗan'uwa. Tun 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna cewa canja kalma ɗaya a cikin tambaya yana canja abin da mai shaida yake tunawa, har wasu suka ce sun ga fasasshen gilashi a hatsarin motar da babu shi. Wanda ya karanta hasashe hamsin kafin a tambaye shi, tunaninsa ya riga ya gurɓata.

Mafi muni shi ne lokacin da masu bin diddigi suka tashi daga neman wanda ya ɓata suka koma neman mai laifi. A watan Afrilu na 2013, bayan tashin bama-bamai a gasar gudu ta Boston, masu amfani da Reddit suka kwatanta hoton wanda ake zargi da na wani ɗalibin Jami'ar Brown da ya ɓata wata guda kafin nan, suka ce shi ne. Iyalin da suke cigiyar ɗansu suka wayi gari ana zaginsu. Ba shi da hannu, ashe ma ya riga ya rasu, aka tsinci gawarsa a kogi bayan 'yan kwanaki, kuma Reddit ta nemi gafara. A Indiya, a 2018, jita-jitar masu satar yara ta WhatsApp ta sa an kashe baƙi da dama da ba su ji ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Kowa ya san abin da ihun ɓarawon yara yake jawowa a kasuwa, kuma galibi a kan baƙo ko mai taɓin hankali yake faɗawa. Alhali a Kano, yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disamba 2021, wadda hotonta ya cika wayoyi, mai makarantarsu ne ya sace ta ya kashe ta, kuma jami'an tsaro ne suka kama shi a Janairu 2022, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli. Zaton jama'a yakan tafi ga fuskar da ba a sani ba, ya tsallake wadda ake gaisawa da ita kullum.

Wani abin lura kuma, intanet tana zaɓe. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana da rajistar kusan mutum 22,000 da suka ɓata a Nijeriya, yawancinsu saboda rikicin arewa maso gabas, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 yara ne lokacin da suka ɓata. Nawa ne daga cikinsu aka taɓa ganin hotonsu? Almajirin da aka kawo Zariya daga wani ƙauye, wanda ba shi da hoto ko ɗaya, wanda iyayensa ba za su ji labari ba sai bayan makonni, har yanzu gidan mai unguwa da sanarwar masallaci su ne gatansa.

Saboda haka cigiyar da za ta yi amfani a waya ita ce wadda ta riƙe halin ta da. A rubuta ranar ɓata da sa'a da wurin da aka ga mutumin a ƙarshe da tufafin da ke jikinsa. Rahoto ya tafi wuri ɗaya, ga mutum ɗaya da ofishin 'yan sanda, kada a baza shi a fili inda zai gurɓata tunanin sauran shaidu. Mai rahoto ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya bar wanda yake zargi ga masu bincike. Iyali kuma su riƙe wata alama ɗaya da ba su bayyana ba, kamar tabo ko laƙabin gida, domin da zarar lambar waya ta fita 'yan damfara sukan kira su ce yaron yana hannunsu, a turo kuɗi, kuma da wannan alama ce za a gwada su. In Allah ya sa an ga yaron, a koma duk inda aka tura cigiyar a sanar, domin saƙon da ba kwanan wata yakan ci gaba da yawo shekaru, ana ta kiran iyaye a kan yaron da tuni ya shiga sakandare.