Akwatin Giya Ya Lalace: A Gyara Ko A Sake Wani?

Ranar da babbar mota ta fara ƙugi in an sa mata giya, ko ta riƙa fitar da lamba uku da kanta a kan hawa, mai ita ya shiga tsaka mai wuya. Duk kwanan da ta yi a gareji hasara ce, ga direba da yaran mota suna jiran na abinci.

Ƙwararren makanike ba ya yanke hukunci sai ya tsiyaye man giya ya duba. In ɗan garin ƙarfe kawai ya gani, galibi boris ne ya cinye, ko zobban tagulla masu daidaita gudun giya. Waɗannan a nemo su a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a ɗaura. Amma in gutsattsarin haƙora suka fito, ko jikin akwatin ya tsage, kuɗin gyara yana iya kamo na sayen wani.

To, amma ɗan Beljiyam ɗin ma ba a san cikinsa ba, wanki da fenti kuwa ba shaida ba ne. Kada a biya sai an buɗe murfi an ga haƙora, an kuma gwada lambarsa da ta tsohon.