Ɗan Gado da Ɗan Haye: Koyon Kiɗa a Kumbiya-Kumbiya

A unguwar Kumbiya-Kumbiya ta garin Gombe, kamar a Bolari da Herwagana da Jekadafari, da wuya ka sami namijin da bai taɓa buga ganga yana yaro ba. Da wuya kuma ka sami magidancin da zai yarda a kira shi makaɗi. Kowa ya taɓa kiɗa, amma sai 'yan tsiraru al'ada ta yarje wa su riƙe shi har su yi gemu.

Makarantar farko ita ce azumi. Da an sha ruwa na goma, yara sukan bazama neman gwangwanin madara ko na tumatir, su fasa gindinsa, su ɗaura masa guntuwar fata in an yi sa'a, in ba a samu ba leda mai kauri ta wadatar, a tamke da robar tayar keke. Tsinke biyu su ne makaɗi. Ba wanda ke koya wa wani da baki. Ƙarami yana kallon hannun yayansa, ya buga, a yi masa dariya, ya sake. Kafin daren ashirin an riga an san wanda hannunsa ke zaune a cikin ayarin 'yan tashe, shi ake bai wa babban gwangwani, saura su yi amshi da tafi. 'Yan mata kuwa nasu ya fi daɗewa a hannunsu, domin ba ya ƙarewa da wata. Ranar biki ko suna a cikin gida, a kife ƙwarya cikin ruwa, a kife wata a ƙasa, yarinya ta zauna kusa da gwaggonta tana ganin yadda ake saɓa bugun. Shantu ma haka yake, kodayake yanzu sai ka zagaya gidaje da yawa ba ka ga ko ɗaya ba. Ta wannan hanya ta cikin gida aka sami irin su Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013.

To, da yaro ya fara tasawa sai ƙofa ta rufe. A al'adar Hausawa kiɗa sana'a ce, sana'a kuma gado ce. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori, gangar noma ta manoma, sarewa ta makiyayi a bayan shanunsa. Kakaki da tambari na fada ne. Ba a taɓa jin mutum ya sayi kakaki ya busa a zaurensa don nishaɗi ba, kuma ranar da ya gwada zai amsa tambayoyi. Kowane kiɗa da mai shi, kowane take da wanda ake yi wa. Gombe ta gaji wannan tsari ta fuska biyu. Masarauta ce da Modibbo Bubayero ya kafa da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a zamanin jihadin 1804, don haka malamanta ba su taɓa sakin jiki da kiɗan shagali ba. Sannan tun da aka dawo da hedikwatar masarautar daga Nafada zuwa wannan gari a 1919, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963, baƙi daga ƙasar Hausa da Borno suka yi ta kwararowa cinikin auduga da gyaɗa, kowa da makaɗansa da kuma ra'ayinsa a kan matsayin makaɗi: a so shi ranar biki, a yi masa kari, amma a yi jinkirin ba shi 'ya.

Ɗan gado ba ya sanin ranar da ya fara koyo. Yana ɗan shekara biyar ake rataya masa kanzagi ko kuntukuru, ƙaramin abin da ba ya magana, aikinsa kawai ya riƙe zaren kiɗan kada ya tsinke. Zai yi shekaru a nan. A tsakanin haka yana ɗaukar kaya, yana shanya kalangu a hantsi don fata ta ɗame, yana koyon yadda ake jiƙa fatar ɗan akuya a rufe furya da ita, da yadda ake jan tsarkiya. Sai hannunsa ya nuna sannan a ba shi kalangu, a nan kuma aiki na gaske ke farawa, domin kalangu ba bugu kaɗai ba ne. Hammata ce ke matsa tsarkiya ta saki, murya ta hau ta sauka daidai da karin harshen Hausa, har mai sauraro ya ji sunansa da na ubansa a cikin fata. Wanda ya iya bugu bai iya matsi ba, hayaniya kawai yake yi.

Ɗan haye, wato wanda ya shigo da ƙafarsa don sha'awa, shi ne abin tausayi kuma abin burgewa. Da farko a ɓoye yake zuwa. Zai sami wani tsohon makaɗi ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo ne a taimaka mini da abin nan." Amsar da ya fi samu ita ce, "Yaro, an sani a gida?" Ba wulaƙanci ba ne, tsohon ya san gobe mahaifin yaron zai iya sallama a ƙofarsa. In an karɓe shi, babu kuɗin makaranta, babu jadawali. Goro ne da aike da rakiya wurin biki, sai ya tsinci abin da ya tsinta. Irin waɗannan sun fi karkata ga kayan tsirkiya, kukuma da gurmi da kuntigi, saboda ana iya kaɗa su a ɗaki ba tare da unguwa ta ji ba, kuma ba su da ubangida kamar yadda kalangu ke da mahauta. Mai koyon kukuma yakan yi makonni yana goga izga a kan izga, ya shafa ƙaro, ya sake, abin na ƙara kamar ƙofar kwano mai tsatsa, kafin ranar da murya ɗaya mai daɗi za ta fito. Da yawa a nan suke ajiyewa.

Waɗanda ke cewa kiɗa sai ɗan gado sun manta da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Mahaifinsa ba makaɗi ba ne, bai kuma so ɗansa ya shiga harkar ba. A dandali ya fara, don jin daɗi. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Kaset ɗinsu, da na Haruna Uji mai gurmi da Garba Supa mai kukuma, su ne malaman samari da yawa da ba su taɓa zama gaban wani sarkin kiɗa ba: a saurara, a mayar baya, a kwaikwaya.

Akwai kuma ƙofofin da ba a jin kunyar shiga. Bandirin 'yan Ƙadiriyya da mandirin masu bege a watan Maulidi suna ba yaro damar ya buga fata a gaban mahaifinsa, a sa masa albarka, kodayake wani malamin a layi na gaba, musamman a ɓangaren Izala, zai ce wannan ma a bari. Gangar fareti ta makarantar firamare ta horar da hannaye masu yawa. Sannan Gombe gari ne da Bafulatani da Batere da Babole ke maƙwabtaka da Tangale da Waja da Tula, kuma a coci-coci koyon kiɗa ba abin ɓoyo ba ne: matan zumunta na buga tulu da kacau-kacau, samari na koyon jita da fiyano a bainar jama'a. Saurayin Kumbiya-Kumbiya da ke son sanin yadda ake ɗora yatsu a kan fiyano, sau da yawa wurin abokin karatunsa Kirista yake fara gani. Wannan zumunci ne da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya daɗe.

Fiyanon nan shi ya sauya komai. Tun da situdiyoyin Kano suka rungumi na'urar Yamaha a shekarun 1990 don waƙoƙin fim, sai ya zama mutum ɗaya a ɗaki ɗaya na iya fitar da muryar kalangu da sarewa da goge da yatsu goma. Mai wannan aiki ba a kiransa maroƙi, ba ya bin kowa da kirari, don haka ɗan malam da ɗan alhaji suka sami hanyar shiga ba tare da an ce sun zubar da girman gida ba. Yau ma ba sai da fiyano ba; manhaja a waya ko kwamfuta ta isa, darasi kuma na nan a YouTube in akwai data da caji. Ban ga laifin wannan ba, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Sai dai kalangun cikin na'ura ba ya da hammata. Zai ba ka bugu daidai wa daida har gari ya waye, amma ba zai kira sunan kowa ba.

Abin da ya kamata a duba shi ne, 'ya'yan makaɗa da kansu suna barin gadon. Wani ya yi boko, wani yana tuƙa Keke Napep, wani ya ce ya tuba. In aka ci gaba da jiran ɗan gado, kukuma da garaya za su bi shantu. Wanda zai riƙe su shi ne ɗan hayen nan da ake yi wa kallon mai karambani: ma'aikaci ko ɗalibi ko tela da ke son ya kaɗa na rabin awa bayan la'asar, ba don a ba shi ko sisi ba.

Don haka iyaye, in kun ga yaro ya fi sa'o'insa hannu a gwangwanin tashe, kada ku tsaya ga tsawa kawai. Ku tambaye shi abin da yake so, ku san wurin wanda yake zuwa. Ku kuma tsofaffin makaɗan Gombe, in saurayi ya yi sallama da ladabi ya ce a koya masa, a ba shi tabarma ya zauna.