Shin fentin hanya yana kare ran mai keke?

A biranen ƙasar Holan, kusan kowane babban titi yana da wata siririyar hanya ja a gefensa wadda aka ware wa masu keke. A Kofanhagen, babban birnin Danmak, shuɗin fenti ne ake shimfiɗawa a mahaɗar hanyoyi, a biranen Amurka kuwa kore ne. Launin ya bambanta, amma manufar ɗaya ce, wato a nuna wa direba inda mai keke zai bi, a kuma nuna wa mai keke inda haƙƙinsa yake. Tunda hukumomi na kashe kuɗin jama'a a wannan aiki, ana yawan tambayar ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Binciken da aka yi a birane daban-daban ya nuna cewa launi yana taimakawa a wasu wurare, a wasu kuma yana iya ƙara haɗari.

Ba don ado aka fara wannan aiki a Holan ba. A shekarar 1971, haɗarin mota ya kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar, cikinsu har da yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya a kan titi. Bayan shekara biyu kuma aka shiga matsalar ƙarancin man fetur ta 1973, wadda ta sa gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. Waɗannan abubuwa biyu suka sa hukumomi suka dawo da hankalinsu kan keke. A ƙarshen shekarun 1970 aka gina hanyoyin gwaji a biranen Tilbag da Heg, sannu a hankali kuma jan launi ya zama alamar hanyar keke a duk faɗin ƙasar.

Hanyoyin sanya launin ba iri ɗaya ba ne. Mafi arha shi ne a shafa fenti a kan kwalta, sai dai tayoyi da rana da ruwan sama suna cinye shi da wuri, kuma yana iya yin santsi idan ya jiƙe. Akwai wani irin roba da ake narkarwa da zafi a manna a kan titi, akwai kuma wani ƙaro mai ƙarfi da ake barbaɗa wa ƙananan tsakuwa domin taya ta samu abin kamawa. Mutanen Holan sun fi amfani da wata hanya dabam: suna cakuɗa sinadarin tsatsar ƙarfe a cikin kwaltar da za a malala a saman hanya, sai launin ya zama na jikin kwaltar, ba ya gogewa sai ita kanta ta lalace.

Inda launi ya fi amfani shi ne wurin da hanyar mota da ta keke suke gittawa. Mai keke yana tafiya a gefen titi zai wuce kai tsaye, direban da ke kusa da shi kuma yana son ya karya kwana, dole ya ratsa ta gabansa. Yawancin direbobi a irin wannan lokaci motoci suke dubawa, idonsu bai saba neman keke ba. Idan kuma babbar mota ce, akwai ɓangaren da direban ba ya gani ko da ta madubi. Aikin launi shi ne ya ja idon direba kafin ya murza sitiyari.

Birnin Fotlan da ke jihar Oregon a Amurka ya gwada wannan a ƙarshen shekarun 1990, inda ya shafa shuɗin launi a wurare 10 da motoci ke ratsa hanyar keke. Kafin a shafa, kashi 72 cikin 100 na direbobi ne ke dakatawa su ba mai keke hanya. Bayan an shafa, adadin ya kai kashi 92. Sai dai masu binciken sun lura da wani abu da bai yi daɗi ba: masu keken da ke waiwayawa su duba mota, da waɗanda ke ba da alama da hannu, sun ragu. Launin ya sa direbobi sun ƙara kula, ya kuma sa wasu masu keke sun saki jiki. Daga baya, a shekarar 2011, hukumar kula da manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta amince da kore a matsayin launin hanyar keke, saboda shuɗi a can an riga an keɓe shi ga wuraren ajiye motocin masu buƙata ta musamman.

Darasi na biyu ya fito daga Kofanhagen, inda aka fara shuɗin fenti tun 1981. Wani mai bincike, Soren Underlien Jensen, ya nazarci mahaɗun hanyoyi 65 masu fitilun ba da hannu, aka wallafa sakamakon a 2008. Ya gano cewa mahaɗar da aka shafa wa shuɗi a ɓangare ɗaya kawai, haɗari ya ragu a cikinta da kashi 10 cikin 100. Inda aka shafa a ɓangare biyu, haɗari ya ƙaru da kashi 23, inda kuma aka shafa a dukkan ɓangarori huɗu, ya ƙaru da kashi 60. Bayanin da ake bayarwa shi ne, layi ɗaya yana nuna wa direba wuri guda da zai yi hattara, amma idan launi ya cika ko'ina sai hankalinsa ya rabu, gargaɗin ya rasa ƙarfinsa.

Landan ce ta koyi darasi mafi ɗaci. A 2010 birnin ya buɗe manyan hanyoyin keke da aka shafe da shuɗi a gefen tituna masu cunkoso, mafi yawansu ba tare da wani shinge tsakaninsu da motoci ba. A wurare da dama doka ma ba ta hana mota shiga cikin shuɗin ba. A ƙarshen 2011 manyan motoci sun kashe masu keke biyu a shataletalen Bow da ke gabashin birnin cikin makonni kaɗan. A 2013 jami'ar da ke binciken musabbabin mutuwa ta yi gargaɗin cewa irin wannan fenti yana rikitar da direbobi da masu keke, yana kuma iya sa mai keke ya ɗauka yana cikin aminci alhali ba haka ba ne. A watan Nuwambar shekarar, masu keke shida suka mutu a titunan Landan cikin mako biyu. Bayan haka hukumomi suka sauya salo, suka fara gina hanyoyin da aka raba da na motoci da dakalin kankare, irin wadda aka buɗe a bakin kogin Tems a 2016.

Wannan ne ya bambanta Holan da wuraren da suka kwaikwayi launinta kawai. A can, idan titi na motoci masu gudu ne, ana raba hanyar keke da shi da dakali ko ciyawa ko jerin itatuwa. A cikin unguwanni kuwa, inda keke da mota ke tafiya tare, ana taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa, a ƙuntata titin, a sa tudun rage gudu domin direba ya bi dokar ko ba jami'i a wurin. Jan launin alama ce ta tsarin da aka riga aka gina.

Batun gudu yana da muhimmanci domin shi ne ke raba rauni da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Hukumar tana ba da shawarar kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗa, saboda wanda mota ta buge a wannan gudu ya fi wanda ta buge a kilomita 50 damar tsira nesa ba kusa ba.

Ga birane irin su Kano da Kaduna, inda keke da babur da adaidaita sahu da masu tura kura ke haɗuwa a gefen titi ɗaya, kuma 'yan kasuwa ke baje kaya a bakin hanya, waɗannan darussa suna da amfani. Layin da aka shafa ba tare da shinge ba, cikin kwana kaɗan zai iya zama wurin ajiye mota ko sauke fasinja, ƙurar hunturu da zafin rana kuma su dusashe launin. Hukumar da ke son kare masu keke za ta fi cin riba idan ta fara da gano mahaɗun da aka fi samun haɗari, ta rage gudun motoci a kusa da makarantu da kasuwanni, ta gina dakali a manyan tituna, sannan ta sa launi a inda hanyoyin ke gittawa, tare da ware kuɗin sabunta shi a kasafin kowace shekara.