Dirhami Biyu da Ƙotar Gatari

Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye masu koyon sana'a a ɗaya daga cikin biranenmu ya san yadda sha'anin yake gudana: a kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe, a zaunar da guragu da makafi da zawarawa a sahun gaba domin mai ɗaukar hoto ya same su, manya su yi jawabi, a miƙa wa kowa takardar shaida, a watse. Abin da ba a gayyatar kowa ya gani shi ne ranar da keken nan zai koma kasuwa a hannun dillali, bayan wata biyu ko uku, a kaɗar da shi a kan abin da bai kai kuɗin sayensa ba. Masu shirya bikin kan kira wannan butulci ko lalaci. Ni kuwa a nawa ganin illar tana cikin tsarin ne tun asali.

An ruwaito a cikin Sunan na Abu Dawuda, daga Anas ɗan Malik, cewa wani mutumin Ansar ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo, sai aka sa ya kawo abin da ya mallaka a gida, wato shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa, aka yi gwanjonsu a kan dirhami biyu. Aka umurce shi ya saya wa iyalinsa abinci da guda, ya sayo gatari da guda. Da ya kawo, Manzo ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya sallame shi ya je ya yi itace ya sayar, kada a sake ganinsa sai bayan kwana 15. Ya komo da dirhami 10. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wannan kuwa fagensu ne, ba na marubucin jarida ba. Amma wanda ya yi tadabburin ƙissar zai lura cewa dirhamin abinci ya riga na gatari, cewa ba a bar mutumin ya yi fama da ƙota shi kaɗai ba, kuma an yanka masa ranar da zai dawo a ji labarinsa.

Abin sha'awa shi ne, masana tattalin arziki na zamani, bayan dogon bincike da kashe dukiya mai yawa, kusan nan suka tsaya. A shekarar 2002 ƙungiyar BRAC ta ƙasar Bangaladash ta fara wani shiri domin matalautan da ko bashi ba a yarda a ba su ba: a ba mutum saniya ko awaki kyauta, a koya masa kiwonsu, a riƙa ba shi ɗan abin cefane na wani lokaci don kada yunwa ta tilasta masa cin jarinsa, a sa shi ajiya, sannan malamin shirin ya riƙa ziyartarsa a gida a kai a kai har kimanin shekara biyu. Da aka jarraba wannan tsari a ƙasashe shida, wato Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, a kan gidaje fiye da 10,000, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa amfanin ya ɗore bayan an janye tallafin. A Honduras ne al'amarin ya ƙi, domin kaji aka raba wa galibinsu, cuta ta shiga ta kashe su. Wanda ya taɓa kiwon kaji a ƙauye ba ya buƙatar sharhi.

To, ina matsayin horon kansa? A birnin Lome na Togo an raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 kashi uku: waɗansu aka karantar da su lissafi da ajiye littafin ciniki kamar yadda aka saba, waɗansu aka hore su a kan himma, wato neman mai saye maimakon zaman jiransa, da tunanin mafita kafin matsala ta auku, na uku aka bar su don kwatance. Bayan shekara biyu ribar masu horon himma ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta masu lissafi kuwa da kashi 11, wanda masu binciken ba su ma iya tabbatar da cewa ba dace ba ne. A Nijar ma, cikin matan karkara masu karɓar tallafin gwamnati na wata-wata, an gwada ba waɗansu jarin sefa 80,000, waɗansu kuma aka tara mazansu da dattawan gari aka nuna musu majigi aka tattauna a kan sana'ar mata, aka ƙarfafa zukatan matan. Duka hanyoyin sun yi amfani, ta biyun kuwa ta fi arha.

Mu a Najeriya ba hukumomi muka rasa ba. An kafa hukumar samar da aikin yi, NDE, a ƙarshen 1986, da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, a 2003. Sai dai abin da bitar mako guda a ɗakin taro ba ta iya bayarwa shi ne abin da yaron shago yake samu a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi, inda zai shekara da shekaru yana ganin yadda ubangidansa yake taya, yake sallamawa, yake bin bashi ba tare da ɓata zumunci ba, har ranar da za a yaye shi da jari, da masu ba shi kaya bashi saboda mutuncin ubangidan.

Wannan ƙofa kuwa ita ce aka fi rufe wa naƙasasshe, wanda a yau ake ce wa mai buƙata ta musamman, domin iyaye da yawa, bisa tausayi ko kwaɗayi, tun yana ƙarami suke yanke masa hukuncin bara. Alhali kuwa jama'ar nan suna da tsarinsu tun zamanin da, da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda suka san kowa da halinsa fiye da duk wani ma'aikaci mai riƙe da takardar sunaye. Kuma a Kano waɗanda shan-inna ta naƙasa sun daɗe da haɗa kai suna walda, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana yin amfani da naƙasasshe wajen bara, ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma har yanzu akan ga gurgu a ƙofar banki, da cinikin yininsa a aljihu, yana duban matakala da ƙunƙuntar ƙofar gilashi, yana jiran mai gadi ya shiga ya kira masa wani.