Kamun Kai da Faɗan Ɗalibai a Gonin Gora

Kowane malami ya san yaro mai zuciya a kusa: a taka masa ƙafa a layi, kafin a ankara ya kai naushi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna danganta wannan da ƙarancin kamun kai. A Dunedin ta ƙasar New Zealand an bibiyi yara kusan 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, kuma sakamakon binciken da aka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka kasa danne zuciya tun suna ƙanana sun fi faɗawa aikata laifi da suka girma, ko iyayensu masu hali ne ko talakawa.

To amma a ina yaro ke koyon danne zuciyar? Sai inda hankalinsa ke kwance, kuma nan ne lamarin Gonin Gora ke damuna. Unguwar na bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, a ƙaramar hukumar Chikun. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya raba mazauna garin, kowa ya koma cikin mutanensa, yara suka taso ba su san na ƙetare ba sai a labarin tsoro. A Yunin 2012, bayan hare-haren da aka kai coci-coci, an yi ramuwar gayya a kan wannan hanya. A Yulin 2021 aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a cikin Chikun ɗin, sannan a Fabrairun 2024 'yan bindiga suka shiga Gonin Gora kanta suka tafi da mutane. Yaron da ya kwana yana kasa kunne ga harbi, da safe ko tura shi aka yi da wasa, hari zai gani. Ba na jin adalci ne a ce masa marar tarbiyya kawai.

Abin da ke biyo baya sananne ne: malami ya ɓata darasi wajen rabon faɗa, a kori yaron, titi ya karɓe shi. Bulala kuwa tana sa shi yin shiru ne muddin malam na nan, tana kuma nuna masa mai ƙarfi shi ke duka.

A Chicago ta Amurka an gwada wata hanya. Kowane mako a zaunar da samari a makaranta, a horar da su dakatawa su yi tunani kafin su mayar da martani. Kamun da 'yan sanda ke yi musu kan tashin hankali ya ragu da kusan rabi, sai dai da shirin ya ƙare tasirin ya fara dusashewa.