Ko Kun Sani? Gado Na Iya Sa Magani Ya Cutar

Daga Kanya har cikin garin Zuru, jama'a da dama sun san gwajin jinin AA, AS da SS da ake yi kafin aure. Wanda ba a cika sani ba shi ne gwajin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini. Kusan mutum miliyan 400 a duniya sun gaji ƙarancinsa, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ya fi bayyana ga maza, su kuwa daga uwa suke gadonsa.

Mai wannan ƙaranci galibi lafiyarsa ƙalau, har ranar da zai sha magani irin su firimakwin ko dafson. Sai jini ya fara lalacewa, idanu su yi rawaya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Kafur ɗin da ake sakawa cikin kayan jarirai ma yakan jawo haka. Wannan matsala ce ta sa aka janye maganin zazzaɓin cizon sauro na Lapdap a 2008.

Takardar AA ba ta nuna ƙarancin G6PD. Gwaji ne daban, kuma ya dace mara lafiya ya tambayi likita game da shi, musamman idan an taɓa ganin haka a dangi.